Haddar Matakai Ba Ta Isa Ba: Tunanin Lissafin Na'ura da Ilimin Manya a Ƙasar Gumel

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a tsakanin masu tsara ilimin manya a Arewa, har an daina tambayar hujjarsa. Ra'ayin shi ne cewa magidancin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci ba shi da lokacin dogon bayani, don haka idan ana so ya ci moriyar waya da banki da rajistar gwamnati, a koya masa matakai kawai: danna nan, sa lamba kaza, jira saƙo. Abin da ya wuce haka, in ji masu ra'ayin, na 'yan makaranta ne da masu neman aikin kwamfuta. Ra'ayin ya yi daidai da yadda ake auna nasara. Hukumar NITDA ta sa burin cewa kashi 95 cikin ɗari na 'yan Nijeriya su samu ilimin dijital kafin 2030, kuma duk burin da ake aunawa da yawan kawuna yakan ja masu aiwatarwa zuwa ga horon da ya fi saurin ƙarewa. A ganina ra'ayin kuskure ne, aƙalla a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma waɗanda ke biyan kuɗin kuskuren su ne mutanen da ake cewa ana sauƙaƙa wa.

Shimfiɗar ba ta buƙatar tsawaitawa. Papert (1980) ya kawo batun yaro ya koyi tunani ta hanyar umartar kwamfuta, Wing (2006) kuma ta faɗaɗa shi ta ce tunanin lissafin na'ura, wato iya tsara matsala ta yadda na'ura za ta aiwatar da maganinta, ya cancanci ya zauna kusa da karatu da rubutu da lissafi ga kowa da kowa. A namu ɓangaren, Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Malam Ahmadu Coomassie ya jagoranta, da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, su ne gadon da Jigawa ta ɗauka lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Jihar kuma ta daɗe da sanin kwamfuta, tun cibiyar Informatics da gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe a Kazaure. Sai dai hanyoyin biyu sun tafi a rarrabe. Ɗaya ta nufi matashin da zai yi difloma, ɗayar ta tsaya ga baƙi da wasali. 'Yan kasuwa da manoma da matan aure, waɗanda waya ta riga ta shiga gidajensu, sun faɗa tsakani.

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana tara shanu da raƙuma da tumaki daga Damagaram da can gaba, ta haɗa su da masu lodi zuwa kudu. Riɗi da zoɓo ma suna da nasu lokacin. Kasuwa ce da ta ginu a kan tsabar kuɗi da amanar dillali. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga ƙarshen Janairun 2023 tsabar kuɗi ta ƙaurace wa hannun jama'a, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A waɗancan makonni mutanen da ba su taɓa buɗe asusu ba suka tsinci kansu suna sayar da sa ta hanyar tiransifa, sau da yawa zuwa asusun wani, ɗa ko ƙane ko mai POS na bakin kara. Matakan ba su ne suka gagari mutane ba. Wanda ya ga an yi sau biyu ko uku yakan iya. Abin da ya gagara shi ne ranar da matakan suka ƙi aiki.

Dole a tsaya nan a bayyana abin da ke faruwa, domin muhawarar duka a kansa take. Idan mai saye ya tura kuɗi daga bankinsa zuwa wani banki, abubuwa da dama ke aukuwa a jere, kowanne a wurinsa. Da farko ana tambayar bankin mai karɓa sunan da ke kan lambar asusun, a nuna wa mai turawa. Idan ya amince ya sa lambar sirri, bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa, saƙo ya bi ta na'urar NIBSS da ke haɗa bankuna, sannan bankin mai karɓa ya rubuta kuɗin a nasa littafin. Alat ɗin da ke shigowa waya wani abu ne daban. Labari ne da aka aiko ta layin kamfanin sadarwa, yana iya yin jinkiri, yana iya ƙin zuwa, kuma ɗan damfara yana iya ƙirƙirar mai kama da shi. Tsakanin cirewa da rubutawa akwai giɓi, kuma a giɓin nan ne kukan «an cire bai shiga ba» yake fitowa.

Wanda ya haddace matakai kaɗai ba shi da inda zai ajiye wannan giɓi a kansa. A wurinsa ciniki hali biyu gare shi, ko ya yi ko bai yi ba. Don haka idan allon waya ya tsaya yakan sake turawa, a cire masa sau biyu. Idan alat ya shigo yakan saki dabba bai duba ragowar asusu ba. Idan kuɗi ya maƙale bai san cinikin yana da lambar shaida da za a bi sawunsa da ita ba, bai kuma san cewa tun 2020 Babban Banki ya ƙayyade wa bankuna sa'o'i 72 su warware ƙorafin cinikin POS da ya gaza ba. Mafi muni, bai ga bambancin lambar asusu da ake bayarwa da lambar sirri da ba a bayarwa, saboda a darasin da aka yi masa dukansu lambobi ne da ake dannawa idan an zo wani mataki. Daga ƙarshe yakan miƙa waya da lambar sirri ga wani yaro ya riƙa yi masa. A rahoton hukuma an shigar da shi harkar dijital, alhali dukiyar da a da yake ƙirgawa da hannunsa yanzu sai abin da aka gaya masa.

Abin da nake so a koyar a ajin manya bai shafi rubuta manhaja ba. Ina nufin mai koyo ya san cewa na'ura tana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya, cewa a kowane lokaci aikin yana cikin wani hali da za a iya ambata sunansa (an fara, an cire, an rubuta, an mayar), cewa na'urar tana yanke hukunci bisa sharaɗin da aka gindaya mata tun farko, kuma idan abu ya ɓaci ya iya bin matakan da baya-baya har ya gano inda aikin ya tsaya.

Masu ra'ayin haddar matakai suna ɗauka wannan ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Ban ga dalilin yarda da su ba. A duba zakkar dabbobi kamar yadda malaman zaure ke karantar da ita daga Risalar Ibn Abi Zaid. Tumaki da awaki ana haɗa su a ƙirga. In ba su kai 40 ba babu komai. Daga 40 zuwa 120 a fitar da ɗaya. Daga 121 zuwa 200 biyu. Daga 201 uku, sai an kai 400 sannan kowace ɗari ta ɗauki ɗaya. A shanu, 30 tabi'i ne, wato maraƙi, 40 musinna, wato saniya da ta girma, daga 60 kuma a koma kasa garken talatin-talatin da arba'in-arba'in, har a 120 a samu mafita biyu, tabi'i huɗu ko musinna uku. Kafin duk wannan akwai sharaɗin zagayowar shekara. Mai kiwo a Sule Tankarkar da ya san wannan babi ya san sharaɗi da reshe da iyaka. Ya san ƙarin akuya ɗaya a kan 120 yana sauya hukunci, amma ƙarin 70 a kan 45 bai sauya komai ba. Ɗan canjin Maigatari yana aiki da ma'auni uku lokaci guda, domin mutumin Damagaram da dala yake faɗin farashi, dala ɗaya sefa biyar, jaka ɗaya dala 200, kuma sai an mayar da duka naira bisa farashin ranar. Uwar adashi a Gagarawa tana riƙe da halin aiki a kanta daga zubi zuwa zubi: wa ta zuba, wa ta kwasa, wa ta yi fashi, zagaye na nawa ake ciki.

To a nan ne ra'ayin da nake suka yake da goyon baya mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a tsallake shi. A 2017 Peter Denning, tsohon shugaban ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, ya wallafa maƙala a mujallar da Wing ta wallafa tata, yana lissafa inda batun tunanin lissafin na'ura ke ɗingishi. Maƙalar tasa ba ta ilimin manya ba ce, amma duk wanda ke son ya ce a bar dattawa da haddar matakai ba zai samu makamin da ya fi ta ba. Tambayoyinsa uku ne: mene ne wannan tunanin, yaya ake auna shi, kuma shin da gaske yana amfanar kowa.

Ta farko ita ta fi shafar misalan da na kawo. Denning ya bi ma'anar da masanin kwamfuta Alfred Aho ya bayar, wadda ta sharɗanta cewa dole a samu wani samfurin na'ura da matakan ke sarrafawa. A wurinsa jerin matakai ba ya zama algoridim don kawai an jera shi. Duk matakin da ke buƙatar hukuncin ɗan Adam ya fita daga ma'anar. Masu faɗaɗa ma'anar don ta shigo da kowa, a ganinsa, sun tsinka ta har ta daina nufin komai. Idan aka ɗora wannan a kan zakka, sukar tana da cizo. Ƙirga tana bin ƙa'ida, amma zaɓen dabbar da za a fitar, wadda ba ramammiya ba kuma ba zaɓaɓɓiyar garke ba, hukunci ne na ido da sani. Uwar adashi takan ɗage wa wata zubi saboda rashin lafiyar yaro, takan gabatar da kwasar wata saboda biki ya matso. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin jerin matakai.

Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin ita ce ainihin darasin da ajin manya ke buƙata. Mutanenmu sun saba da ƙa'ida mai ɗauke da mutum a cikinta, malami ko dagaci ko dillali da zai dubi hali ya yi sassauci. Na'ura ƙa'ida ce da aka cire mutumin daga ciki. Tun da aka fara rajistar BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a Disamban 2020, wannan bambanci ya shiga rayuwar talaka kai tsaye. Mutum ɗaya Mamman ne a gida, Muhammadu a takardar firamare, an rubuta Mohammed a banki, Muhammad a wurin NIN; a wata takarda sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata sunan garinsu; ranar haihuwa kuwa wadda ma'aikacin rajista ya kintata ce, kuma ma'aikata biyu ba lallai su kintaci rana guda ba. Dagaci ya san mutum ɗaya ne. Na'ura haruffa take gwadawa, in ba su yi daidai ba ta ƙi. Wanda bai san haka ba yakan ɗauka wani ne ya hana shi, ko netwok ne, ya yi ta komawa wurin mai POS, alhali gyaran yana ofishin rajista. Saboda haka amfanin kawo zakka aji shi ne a fara da abin da mai koyo ya riga ya mallaka, sharaɗi da iyaka, sannan a tambaye shi: a ina malam yake amfani da idonsa, kuma me zai faru in wanda ba shi da ido ne aka ba aikin? Ma'anar Aho ba ta ɓata ba a nan. Iyakarta ce ma ake koyarwa.

Tambayar Denning ta uku ta fi wuya, kuma ita ce ta tilasta mini rage abin da nake da'awa. Ya ce amfanin wannan tunani tabbatacce ne ga masu ƙera lissafin na'ura, injiniyoyi da masana kimiyya da makamantansu, amma da'awar cewa yana kaifafa tunanin kowa a kowane fage ba a kafa mata hujja ba. Tarihi yana bayansa. Tun Thorndike da Woodworth (1901) ake nuna cewa horo a fage ɗaya ba ya tsallakawa wani fage da kansa. Pea da Kurland (1984) sun duba da'awar da aka yi wa koyon Logo, harshen umartar kwamfuta da Papert ya yaɗa, ba su ga abin da aka yi alkawari ba. Scribner da Cole (1981), a cikin al'ummar Vai ta Laberiya, sun tarar cewa ko iya rubutu kansa ba ya haifar da sauyin tunani na gaba ɗaya. Kowane irin rubutu yana ƙarfafa ƙwarewar da ake amfani da shi a cikinta ne. Gaskiya ne Scherer da abokan aikinsa (2019) sun tattara nazarce-nazarce sama da ɗari suka ga matsakaicin tasiri na koyon rubuta manhaja a wasu fagage, sai dai waɗannan ɗalibai ne a makarantu, kuma tasirin yana raguwa idan an kwatanta su da waɗanda aka ba wani horon na daban maimakon waɗanda ba a ba komai ba.

Akwai ma binciken da ke sukar misalaina fiye da yadda Denning ya yi. Carraher da Carraher da Schliemann (1985) sun bi yara masu talla a Recife ta ƙasar Barazil, suka ga suna lissafa ciniki daidai a bakin tebur, amma idan aka ba su lissafin nan a takarda sai su faɗi. Wannan yana nufin ƙwarewar ɗan canji a dala da sefa ba za ta bi shi cikin waya don kanta ba. Wanda ya ce mutanenmu sun riga sun iya tunanin lissafin na'ura tun kaka da kakanni, don haka aiki ya ƙare, ya faɗi abin da zai faranta rai amma hujja ba ta tare da shi. Gadar da ke tsakanin zakka da allon waya sai malami ya gina ta da gangan, misali bayan misali, a cikin aji.

Don haka ba na da'awar cewa wannan koyarwa za ta sa manomi ya fi iya tsara gonarsa ko warware rikicin gado. Da'awata ƙarama ce: wanda aka koya wa siffar na'urar da yake amfani da ita zai fi wanda aka haddatar wa matakai iya fita daga matsalar da bai taɓa gani ba a kan wannan na'urar. A nan hujja tana nan, ko da ta tsufa. Halasz da Moran (1983) sun koya wa rukuni biyu aiki da kalkuleta, ɗaya da matakai kaɗai, ɗaya da bayanin yadda na'urar ke ajiye lambobi a ciki. A lissafin yau da kullum ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A sabuwar matsala da ke buƙatar mutum ya ƙirƙiro hanya, masu bayanin suka yi fice. Kieras da Bovair (1984) sun samu makamancin haka da allon sarrafa wata na'ura: waɗanda aka nuna wa yadda sassanta ke haɗuwa sun fi saurin koyon matakai, sun fi riƙe su, sun kuma fi iya gano gajeriyar hanya. Abin da ya fi muhimmanci a aikinsu shi ne gwajin ƙarshe, inda suka nuna cewa bayanin gaba ɗaya ba ya taimakawa. Wanda ke taimakawa shi ne wanda mutum zai iya tsamo ainihin matakin da zai ɗauka daga cikinsa. Wannan ya yanke wa manhajar karatun da nake nema iyaka mai tsauri. Lacca kan tarihin kwamfuta ko sifiri da ɗaya ba ta da gurbi. Abin da ke da gurbi shi ne hanyar da kuɗi ke bi daga asusu zuwa asusu, da abin da na'urar rajista ke gwadawa, da dalilin da ya sa zaman USSD ke yankewa idan an yi jinkirin dannawa.

Inda na rabu da Denning shi ne rabon da ya yi tsakanin mai ƙera da mai amfani. Rabon yana aiki ne inda mai amfani yake da wanda zai ɗauke masa nauyin gano matsala: layin ƙorafi da ake amsawa cikin harshensa, reshen banki a unguwarsa, allo da yake iya karantawa. Mutumin ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar sau da yawa sai ya biya kuɗin mota ya bar aikin yini kafin ya ga ma'aikacin banki ido da ido, saƙon da na'ura ta aiko masa kuma da Turanci yake. Gano matsala ya rataya a wuyansa ko ya so ko ya ƙi. Mai yiwuwa a wata ƙasar a iya barin mai amfani cikin duhu ba tare da ya yi asara ba. A bakin iyakar Maigatari ina shakkar haka ƙwarai.

Ba a yi gwaje-gwajen Halasz da Moran da na Kieras da Bovair a kan masu kiwo ba, an yi su ne a Amurka a kan mutanen da suka yi boko. Hujjar da ta fi kusa da mu tana tsallaken iyaka. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC a jihohin Dosso da Damagaram tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, inda aka buɗe azuzuwan manya cikin Hausa da Zabarmanci a ƙauyuka sama da ɗari, aka ƙara wa wasu daga cikinsu darasin amfani da ƙaramar waya mai maɓalli. Aker da Ksoll da Lybbert (2012) sun ruwaito cewa ƙauyukan da aka haɗa wa waya sun fi sauran sakamako a rubutu da lissafi. Kada a ɗora wa binciken abin da bai ce ba: waya ce ta zama wurin gwada karatu, ba siffar na'ura aka koyar ba. Amma ya rushe ginshiƙi ɗaya na masu ra'ayin sauƙaƙawa, wato tsoron cewa ƙarin darasin fasaha zai danne baƙi da wasali. A waɗancan ƙauyuka na tsallaken iyaka, ƙarin bai danne ba, ya ma taimaka.

Yadda za a yi darasin ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta. Tim Bell da abokan aikinsa a Jami'ar Canterbury sun daɗe da nuna cewa ana koyar da tushen wannan ilimi da katuna da motsin jiki. A ajin dare ko Islamiyyar matan aure, mutum ɗaya ya zama bankin mai turawa da littafinsa, ɗaya bankin mai karɓa, na uku mai kai saƙo tsakaninsu, na huɗu mai kai alat. Sharaɗin wasan shi ne babu wanda zai yi amfani da hankalinsa, abin da ke kan katinsa kawai zai bi. Malami ya tsayar da mai kai saƙo a tsakiyar ɗaki ya tambayi aji: yanzu ina kuɗin yake, kuma me ya kamata mai saniya ya yi? Wani zagayen ya sa mai alat ya iso alhali littafin banki babu komai. Wani kuma ya ba bankin kati mai suna da harafi ɗaya ya bambanta. Bayan haka a ɗauko waya ta gaske a bi matakan, kowane mataki a haɗa shi da wanda ya taka rawarsa. Mai karatun ajami yana iya rubuta katinsa da ajami, kuma abin takaici ne yadda har yanzu ake lissafa irinsa cikin marasa karatu tun kafin a fara. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana da abin da ake buƙata don horar da masu koyarwa a kan wannan, in aka ba ta aikin.

Na san akwai abin da aji ba zai gyara ba. Toyama (2015) ya yi gargaɗi cewa fasaha tana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, kuma fahimtar na'ura ba ta kawo netwok ƙauyen da babu shi, ba ta cajin waya, ba ta mayar da allon banki Hausa, ba ta sa wayar da ke hannun miji ko ɗa ta koma hannun matar da kuɗin adashin nata ne. Zai zama zalunci a mayar da ilimin manya hanyar ɗora wa talaka laifin tsarin da ba a gina don shi ba. Iyakar abin da zan ce shi ne wanda ya san inda aikin ya tsaya ya san wanda zai tuhuma.

Saura tambayar Denning ta biyu, ta awo, kuma a nan ni da shi bakinmu ɗaya. Ya ce ƙwarewa a aikace ake gane ta, jarrabawar ma'anoni ba ta nuna ta. Takardar shaidar halartar horo ta fi jarrabawar ma rauni. Gwajin da ya dace shi ne a ɗauki azuzuwa a ƙananan hukumomin huɗu da rani, lokacin da aikin gona ya lafa, a yi ƙuri'a a raba su biyu da sa'o'in koyarwa daidai wa daida, rabi haddar matakai, rabi siffar na'ura. Bayan watanni a kawo wa kowa matsalolin da ba a koyar ba: an cire bai shiga ba, alat ya zo ragowar asusu ba ta motsa ba, mai kira ya ce daga banki yake yana neman lambar da aka turo yanzu. A rubuta abin da mutum ya yi da hannunsa, maza daban mata daban, masu boko daban masu ajami daban. Bisa abin da Halasz da Moran suka gani, ina sa ran rukunin biyu su yi kunnen doki a tiransifa ta yau da kullum, tazarar ta fito a sabuwar matsala. Idan ba ta fito ba, Denning ya yi gaskiya har a Gumel, kuma sa'o'in da na nema a mayar da su ga karatu da lissafi.